Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Domin Samari da 'Yan Mata Masu Zuwa Gyaran Gidaje

Ya kai saurayi mai bin Yesu Kristi, da ke 'yar'uwa, dominku aka rubuta wannan darasi. Idan kaka ta wuce, an kai dawa da masara rumbu, makaranta kuma ta ba da hutu, mai yiwuwa ne dattawan ekklesiyarku su tara ku, su ce ku ɗauki fartanya da kwando da guduma, ku tafi wata unguwa ko wani ƙauye, ku gyara wa gwauraye da tsofaffi ɗakunansu. Wannan kira mai kyau ne, kada ka ƙi shi. Amma ka sani tun yanzu, aikin nan yana da alƙali wanda ba ya karɓar toshi, watau ruwan sama. Ran da kuka gama, kowa zai gode muku. Sai watan Agusta ya zo, hadari ya taso daga gabas da tsakar dare, sa'an nan ne za a sani ko alheri kuka yi wa mai ɗakin, ko kuwa wasa kuka je yi.

1. Dalilin tafiya

A ƙasar Ketare da Kankara, har zuwa Faskari da Sabuwa, talakawa da yawa a ɗakin ƙasa suke kwana. Ɗakin ƙasa kuwa kamar dabba yake, kullum yana son kiwo. Kowace damina takan ci yaɓen bango, ta zaizaye gindin katanga, ta ruɓar da ciyawar jinka. Idan rani ya yi, mai gida yakan tashi da 'ya'yansa su mayar da abin da ruwa ya kwashe. Haka ake yi tun kaka da kakanni.

To, gidan da babu mai gida fa? Daga wajen shekara ta 2019 zuwa gaba, 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan da ke bakin daji a wannan yanki. An kashe magidanta da yawa, an ƙone ɗakuna da rumbuna, waɗansu iyalai kuma sun gudu zuwa manyan garuruwa, suka zauna cikin kangayen da aka ba su aro. A irin gidajen nan babu mai hawa soro ya duba. Ruwa ya sauko, tsohuwa ta kwana a zaune, tana tara ƙwarya da tasa ƙarƙashin yoyo, jikokinta suna raɓe da ita, kunnenta kuwa yana ga bango ko zai faɗi.

Manzo Yakubu, cikin sura ta fari ta wasiƙarsa, ya auna ibada ta gaskiya da yadda mutum yake kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Cikin sura ta biyu kuma ya tsauta wa wanda yakan sallami mabukaci da daɗin baki kaɗai, bai ba shi komi ba. Ka tuna kuma, Ubangijinmu da kansa mutanen Nazarat da sassaƙa suka san shi, kamar yadda Markus ya nuna cikin sura ta 6. Hannun da ya taɓa kutare ya riga ya saba da gizago. Saboda haka kada wani ya ce kwaɓa ƙasa ya yi wa ɗan makaranta ƙanƙanta.

2. Gayyar da ba a ramawa

Ba daga Turai aka kawo mana taimakon juna ba. Kakanninmu sun san aikin gayya tun da daɗewa: mutum ya kira maƙwabta su yi masa noma ko su ɗaga masa jinka, ya dama fura, ya sa a tuƙa tuwo, makaɗi yana zuga samari. Shi ya sa aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai gayya tana da biya. Wanda ka je wa yau, gobe shi zai zo maka. Gwauruwar da ba ta da hatsin fura, ba ta kuma da ɗan da zai rama mata, wa zai amsa kiranta? Cikin Luka sura 14 Yesu ya koya wa mai biki ya kira waɗanda ba su da ikon sāka masa. Tafiyarku ke nan: gayya ce wadda ba a jiran ramuwarta a duniya.

Masu bi na waɗansu ƙasashe suna yin haka. A shekara ta 1969, a jihar Kentaki ta Amurka, wani pasto na ekklesiyar Metodis mai suna Glenn Evans ya tara matasa da manya wajen 50 domin su gyara gidajen matalauta na cikin duwatsun Apalaciya. Cikin hutun nan duka gida 4 suka gyara. Aikin ya ɗore, har dubban matasa suka riƙa zuwa kowace shekara. Ka lura da lissafin nan na farko, mutum 50, gida 4. Ba su yi gaggawar taɓa gida ɗari domin a ji labari ba. Ku ma gara ku gama ɗaki ɗaya sarai da ku lallaɓa goma ku bar su suna yoyo.

3. Kafin ku tashi

Abu na fari, kada ka tafi sai da yardar iyayenka. Wanda ya saɓa wa uwarsa domin ya je ya taimaki uwar wani, ya fara aikinsa da baya.

Na biyu, ku bi shawarar dattawa a kan hanya. Ba a manta ba, ran 11 ga Disamba 2020 ne aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara, aka shiga daji da su, sai bayan kwana shida aka sako su. Taron matasa a hanya abin lura ne ƙwarai. Kada ku yi tafiyar dare, kada ku kwana inda mutanen gari suka ce ba a kwana, kada kuma ku baza labarin ranar tashinku. Idan dattawa suka ce hanyar ƙauye ba ta biyuwa bana, ba tsoro ba ne ku zauna. Ku duba bayan gidanku, za ku iske waɗanda suka yi gudun hijira suna kwana ƙarƙashin rufin da ya ɓule. Jefa kai cikin hatsari babu dalili gwada Allah ne, Ubangijinmu kuwa ya ƙi yin haka sa'ad da Shaiɗan ya kai shi kan haikali.

Na uku, a aika manya biyu su riga ku zuwa. Su gai da mai unguwa da dagaci, su faɗi abin da ke tafe da ku, su nemi izini. Su zauna da mai ɗakin, su tambaye ta abin da ya fi damunta, gama wataƙila ku bango kuka gani, ita kuwa ƙofar da ba ta kulluwa ce take hana ta barci. Sa'an nan a yi lissafi, kamar mai ginin nan na Luka sura 14 wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ƙidaya abin da zai kashe: kwano nawa, ƙusa nawa, azara nawa, kwana nawa. Kada a yaye wa mutum rufi sa'an nan a tarar kuɗi sun ƙare.

Ku tuna da ruwa kuma. Da rani ake gini, da rani kuwa ruwa yake wuya. Kwaɓin ƙasa yana shan ruwa mai yawa. Idan kuka juye randar gwauruwa cikin kwaɓi, kun bar ta da tafiyar rijiya da yamma. Ku ɗebo naku da kanku, kafin ku tafi kuma ku cika mata tata.

4. Yadda za ka shiga gidan mutane

Ko ɗakin ya rushe rabi, gidan mutum ne, kai kuwa baƙo ne. Ka tsaya a zaure ka yi sallama, kada ka wuce sai an ce ka shigo. Inda akwai matan aure, samari su jira har a sanar da su, su kimtsa. Ka durƙusa ka gai da tsoho, ka ce masa Baba. Tsohuwa ka ce mata Inna ko Gwaggo. Kada ka kira sunansu gatsau kamar tsararka.

Idonka zai ga talauci, bakinka kada ya faɗa. Kada ka toshe hanci, kada ka yi wa abokinka raɗa kuna dariya, kada ka ce, “Yaya kuke iya kwana a nan?” Ita ma ta san yadda ɗakinta yake, kunya kuwa ta riga ta ishe ta tun da ta bar baƙi suka ga gadonta. Idan za a fitar da kaya, 'yan mata su taya ta, ita ce kuwa za ta nuna inda za a ajiye kowane abu. Tsohuwar tukunya da kake gani kamar ta yarwa ce, wataƙila ita kaɗai ta rage mata daga kayan aurenta.

Ku zo da guzurinku domin kada ku zama kaya. Amma idan ta miƙo muku ruwa ko ɗan gyaɗa, ku karɓa da hannu biyu, ku gode. Sa'ad da Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, cikin Luka sura 10, ya umurce su su ci abin da aka sa a gabansu. Mutumin da aka hana shi ba da komi, an mai da shi maroƙi cikin gidansa.

Yawancin maƙwabtanmu a wannan ƙasa Musulmi ne, yoyo kuwa ba ya tambayar addinin mai ɗaki. Kada ku zaɓi gidajen masu bi kaɗai. Basamariyen nan na misalin Yesu bai tambayi wanda aka yi wa fashi ko ɗan wace jama'a ne ba. Idan lokacin salla ya yi, ku sassauta guduma, ku ba mutane wuri. Idan watan azumi ne, ku koma gefe ku ci abincinku.

5. Aikin da damina za ta gwada

Nan ne zuciyar darasin. Ƙarfi kuna da shi, sani ne ba ku da shi tukuna. Saboda haka kada ku tafi sai da magini ko kafinta wanda ya san aikin, ku zama yaransa, ya ce ɗauko ku ɗauko, ya ce rushe ku rushe. Gini da ƙasa ilimi ne babba a ƙasar Hausa, har sarakuna sukan naɗa Sarkin Magina. Babban Gwani Mikaila ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Kada takardar makaranta ta sa ka raina tsohon da ya gaji wannan sana'a.

Ga kaɗan daga abin da zai koya maka. Ƙasar gini ba a kwaɓa ta yau a ɗora yau. Akan zuba mata ruwa, a tattake ta da ƙafa, a gauraya ta da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana, a sake tattakawa, har ta yi danƙo. Tubali sai ya bushe sarai a rana kafin a jera shi. Ba a kuwa ɗaga bango da tsawo rana ɗaya. Akan yi jeri kaɗan, a bar shi ya sha iska, gobe a ƙara. Mai gaggawa yakan ɗora ɗanye bisa ɗanye, bangon ya yi ciki, ya tsage.

Idan ka ga tsaga, kada ka yi saurin cusa mata laka. Ka nemi dalilinta. Sau da yawa ruwa ne yake kwanciya a gindin bango yana cinsa daga ƙasa. Sai a fara tona masa hanya ya wuce, a yi wa gindin tudu, sa'an nan a koma kan tsagar. Ka fi lura da bangon gabas, gama daga can hadari yakan buga.

A kan soro, a duba azara ɗaya ɗaya. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan ruwa ya daɗe yana zama a kanta takan ruɓe. A ƙwanƙwasa a ji. Wadda ta mutu a cire ta, kada a rufe ta da sabuwar ƙasa. A share indararo, gama wanda ya toshe yakan mai da soro tafki. A gyara gangaren rufi domin ruwa ya bi ta indararon, ya zuba nesa da bango. Sa'an nan a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce take sa ruwa ya zame. Kada ku ce siminti ya fi, ku shafe bangon ƙasa da shi haka kawai. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna da kyau. Ruwa yakan shiga ta bayansa ya ɓuya, bangon yana ruɓa a ciki, waje kuwa sumul, har ran da ɓawon zai ɓamɓare gaba ɗaya.

Idan rufin kwano ne, a kan tudun kwano ake buga ƙusa, gama cikin kwarinsa ruwa yake bi. Kowane falle ya hau ɗan'uwansa sosai. A ɗaure katako da bango da waya, domin iskar farkon damina takan yaye rufi ɗungum ta yar a gona. Idan kuwa jinka ce, a sabunta tanka, a fara shimfiɗa ciyawa daga ƙasa zuwa sama domin ta bisa ta rufe ta ƙarƙashi, a ɗaure ƙololuwa tam.

Me ya sa darasin halin Kirista ya tsaya a kan ƙusa da indararo? Ka buɗe Ezekiyel sura 13. A can Allah ya kwatanta annabawan ƙarya da mutanen da suka iske bango marar ƙarfi suka shafe shi da farar ƙasa, ya kuwa ce ruwa da ƙanƙara da iska za su kā da shi, a tambaye su ina shafen da suka yi. Wanda ya ga ruɓaɓɓiyar azara ya rufe ta domin rana ta yi zafi, yana so a tashi da wuri, ya yi ƙarya da hannunsa ko da bakinsa bai ce komi ba. Ƙaryar nan kuwa tana iya kisa. Da tsohuwar tana tsoron ɗakin, tana janye jikokinta daga wajen da ya lalace. Yanzu ta amince da ku, ta shimfiɗa musu tabarma daidai ƙarƙashinsa. Idan akwai abin da ya fi ƙarfinku, ku gaya mata a fili, ku ce, “Inna, wannan kusurwa ba mu iya ta ba, kada a kwana a nan sai mun komo da magini.” Faɗin haka ba abin kunya ba ne.

6. Zamanku da juna

Cikin Nehemiya sura 3 an rubuta sunayen waɗanda suka gyara garun Urushalima, kowa da rabonsa. Akwai firistoci, da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da wani shugaba mai suna Shallum wanda ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. An kuma rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sunkuyar da kai ga aikin. Garun ya ƙare cikin kwana 52, amma ƙin da suka yi yana nan a rubuce har yau. A kowace tafiya akan sami mai son riƙe guduma a bisa inda za a gan shi, ba ya son ɗaukar ƙasa a ka. Kada ka zama shi. Ku riƙa juya aiki, mai tsani ya sauko ya ɗebi ruwa, babba ya karɓi kwandon ƙarami idan ya gaji. 'Yan mata ba domin dafuwa kaɗai suka zo ba. Daɓe da shafe tun asali gwanintar mata ce, samari su koya a wurinsu.

Ku kiyaye rai. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 22, ta umurci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Haka Allah yake kula da wanda ya hau bisa. Kada mutum uku su taru a kan soron da ba a gwada ba. Mai hawa tsani a riƙe masa. A kori ƙananan yara daga ƙarƙashin aiki. A lura da kunama da maciji cikin tsohuwar ciyawa, a kuma tsince kowace ƙusa kafin a tashi, gama 'ya'yan gidan ba su da takalmi.

Tafiyar nan kuma ba dandali ba ce. Samari su kwana wuri ɗaya, 'yan mata wuri dabam tare da uwayen zumunta. Ƙauyen duka yana kallonku, abin da suka gani a gare ku kuwa shi za su ce halin masu bi ne.

7. A kan yabo da shaida

Yau kusan kowane saurayi yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Ka yi hankali da ita. Cikin Matta sura 6 Yesu ya hana mu busa ƙaho sa'ad da muke ba da sadaka, wayar nan kuwa ta fi kowane ƙaho kai ƙara nesa. Kada ka tsai da gwauruwa gaban rusasshen ɗakinta ka ɗauke ta, ka watsa wa duniya domin a yabe ka. Ka tambayi kanka, da uwarka ce, za ka so? Idan ekklesiya tana bukatar shaidar inda kuɗinta suka shiga, a ɗauki bango da rufi, da izinin mai gida.

Kada kuma ka mai da gyaran ɗaki farashin jin wa'azi. Alherin da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne. Ka yi aikinka da aminci. Idan wani ya tambaye ka abin da ya kawo ka, ka amsa da tawali'u da ladabi, kamar yadda Bitrus ya gargaɗe mu cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3: ka ce Ubangijinka ya wanke ƙafafun almajiransa, kai kuwa bawansa ne. Idan ba a tambaya ba, rufin da bai yi yoyo ba zai yi magana shekara da shekaru bayan an manta da sunanka.

8. Bayan ruwan fari

Kada ku yi alkawarin da ba za ku cika ba. Amma alkawari ɗaya ya wajaba: idan ruwa ya sauka sosai, hanya kuwa tana da lafiya, mutum biyu ko uku su koma tare da magini su duba. Su shiga ɗakin su ɗaga kai, su taɓa gindin bango, su tambayi Inna yadda ta kwana ran da aka yi babban hadari. Inda ya ɗiga a gyara, ba tare da gardama ba. Daga nan ne za ta sani ba yawon hutu ya kawo ku ba. Kai kuma, idan ka komo gida, ka ɗaga ido ka dubi ɗakin kakarka. Abin kunya ne mutum ya yi tafiyar yini ya rufe ɗakin baƙuwa, na gidansu yana zuba.

Tambayoyi

1. Ina bambancin gayyar da muka gada da wadda Yesu ya koyar cikin Luka sura 14?
2. Waɗanne abubuwa uku za a yi kafin a tashi?
3. Don me ya kamata ka karɓi ruwan da matalauciya ta miƙo maka?
4. Yaya mutum zai yi ƙarya da hannunsa? Ka kawo misali daga aikin soro.
5. Gidan wa ke yoyo a unguwarku? Ka faɗa wa dattijon ekklesiya sunansa cikin makon nan.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne mafakar gwauraye da marayu. Ka ba mu hannu mai aminci da zuciya mai tawali'u. Ka tsare mu a hanya, ka tsare waɗanda za su kwana ƙarƙashin abin da muka gina. Ka kawo salama ga ƙasarmu, domin waɗanda suka gudu su koma gidajensu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.